Ga mai niyyar kai iyali hutu bakin teku a Cape Coast da Elmina

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka domin mu taɓa wata tambaya da ke dawowa duk lokacin da hutun makaranta ya gabato: ina magidanci zai kai iyalinsa su ga teku, su huta, ba tare da wahalar biza ba, kuma ba sai ya sayar da fili ba? Da an ce hutu, hankalin yawancinmu Dubai ko Masar yake tafiya. Alhali ga gaɓar tekun Ghana nan kusa, musamman tsakanin Cape Coast da Elmina, inda jirgi daga Legas ke kai mutum Accra cikin kusan awa ɗaya, kuma Bahaushe zai wayi gari ya tarar da mai koko da ƙosai a bakin titi kamar yana Fagge. Sai dai da yawa daga masu zuwa suna komawa gida a gajiye fiye da yadda suka fita, kuma haɗama ce ke jawo haka. Ana so a ga Accra, a ga Kumasi, a leƙa Takoradi, a hau kwale-kwale zuwa Nzulezo, duk cikin kwana biyar, sai hutun ya ƙare a kujerar mota. Shawararmu ita ce kwana takwas, masauki biyu kacal, abu ɗaya a kowace rana, a kuma bar rana guda ba a shirya mata komai ba.

A fara da takardu, don su ne ke mayar da mutum gida tun daga filin jirgi. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar zama har kwana 90. Amma kowa da fasfonsa, har jariri, sannan da katin allurar shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. Inda ake yin kuskure shi ne lokaci: allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka wanda ya je ofishin lafiya na filin jirgi ana gobe tafiya ya makara. Wanda ya taɓa yi kuwa ba ya buƙatar sakewa, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa har ƙarshen rayuwa, katin dai kada ya ɓata. Idan uwa ko uba shi kaɗai zai tafi da yara, ya riƙe takardar haihuwarsu da wasiƙar amincewar ɗayan. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma, tunda ƙasar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, gara su tuntuɓi ofishin jakadancin Ghana kafin su sayi tikiti.

Akwai hanyar mota daga Legas: Seme, Kwatano, Lome, Aflao, sannan Accra. Nisan bai kai kilomita 500 ba, amma iyakoki uku ne, kuma kowace iyaka da nata layi da nata masu neman na goro, ballantana ga mai sabon fasfon da ba a taɓa buga wa hatimi ba. Yini guda cur take ci. Saurayi da jakarsa zai iya, amma mai tsofaffi ko ƙananan yara ya daure ya hau jirgi. A tuna agogon Ghana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, don haka wanda ya tashi Legas ƙarfe tara zai sauka ya ga agogo bai wuce tara sosai ba. Wayar hannu takan gyara kanta, agogon hannu kuwa ba ya yi, kuma shi ne ke sa mutum ya yi sallah kafin lokaci a ranar farko.

Lokacin tafiya ma sai an zaɓa. Kudancin Ghana damina biyu gare shi: babba daga Afrilu zuwa farkon Yuli, wadda ta fi tsanani a Mayu da Yuni, da ƙarama a Satumba da Oktoba. Agusta wata ne mai daɗi ga wanda ya fito daga zafin arewa, ruwan sama kaɗan ne, iska da sanyi, kifi kuma ya yi yawa a kasuwa, sai dai sama kan yini a lulluɓe kuma ruwan tekun da sanyi. Daga Nuwamba zuwa Maris rana ce sosai. Disamba kuwa mu dai ba ma ba da shawararsa ga mai neman natsuwa, domin tun shekarar 2019 da gwamnatin Ghana ta gayyaci jikokin bayi na Amurka da sauran wurare su dawo ziyara, ƙarshen shekara ya zama lokacin cunkoso da kiɗa da tsadar ɗaki. Haka ma ranakun bukukuwan gargajiya: Bakatue na Elmina a Talatar farko ta Yuli, da Fetu Afahye na Cape Coast a Asabar ɗin farko ta Satumba. Abin kallo ne ga mai son kallo, amma ɗaki sai wanda ya kama tun da wuri.

A sauka Accra ranar Asabar (tsofaffinmu Ankara suke ce mata), a kwana ɗaya. Wannan yinin na hidima ne. A canza kuɗi zuwa sidi a shagon canji mai rajista, a ƙirga a gaban mai shagon, a nemi ƙananan takardu da yawa, domin mai tasi da mai abinci ba su cika samun canjin babbar takarda ba. Dala ta fi naira saurin karɓuwa da kyawun farashi, kuma kada a dogara da katin banki na gida shi kaɗai, yakan ƙi aiki daidai lokacin da ake tsaye a gaban mai otal. A je ofishin kamfanin waya da fasfo a sayi layi, a buɗe masa asusun kuɗin waya da suke kira MoMo, wanda har mai sayar da kwakwa ke karɓa. Da la'asar a leƙa babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021 bisa fasalin masallatan Turkiyya, daga nan a gangara Nima cin abincin dare. A Nima ba a buƙatar tafinta, Hausa ce yaren kasuwa, duk da cewa kunnen Bakano zai ɗauki minti kaɗan kafin ya saba da karinta.

Lahadi da safe ita ce ranar kama hanyar yamma, saboda mutane suna coci, titi a sake yake. Daga Accra zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, awa uku idan hanya ta yi kyau, amma a ranar aiki cunkoson Kasoa kaɗai na iya cinye awa biyu. Sunan garin ma namu ne, kasuwa ce bakin mutanen wurin ya mayar Kasoa. Motocin Cape Coast a tashar Kaneshie ake samunsu. Akwai manyan bas masu sanyaya, akwai ƙananan da ake kira turoturo masu tsayawa ko'ina, waɗanda ba su dace da mai kaya da yara ba. Iyalin da suka kai mutum biyar sau da yawa shatar mota ta fi musu, da sharaɗin a gama ciniki kafin a ɗora kaya, a kuma fayyace cewa har ƙofar masauki za a kai su, ba tashar gari ba. Bayan an wuce mahaɗar Winneba, kafin Mankessim, za a fara ganin tulin abarba a gefen titi, doguwa, koren baya, farin ciki. Kada korenta ya ruɗi mutum, a haka take nuna, kuma ba ta da tsamin da ke yanka harshe.

Masauki shi ne rabin hutun, kuma a nan hoto ke yaudarar mutane. Bakin ruwan da ke cikin garin masunta wurin aiki ne, ba wurin shimfiɗa tabarma ba: jiragen kamun kifi, igiyoyi, robobi da teku ke amayowa, kuma a wasu wuraren har bayan gida ake yi a kan yashi. Wurin hutawa sai an ɗan fita gari, ko gabas wajen Anomabo da Biriwa, ko yamma da Elmina wajen Brenu Akyinim da Ampenyi, inda itatuwan kwakwa suka yi layi kuma da wuya ka ji ƙarar mota. Kafin a biya ko sisi, a sa mai masaukin ya ɗauki bidiyon ɗakin da banɗakin da bakin ruwan a ranar, ya turo ta WhatsApp. Iskar gishiri tana cin ƙarfe, na'urar sanyaya ɗakin da ke sheƙi a hoton shekara uku da suka wuce wataƙila yanzu tsatsa ce. A tambaya ko akwai janareta, ko akwai gidan sauro a kan gado, ko farashin ya haɗa da karin kumallo, da sidi ne ko da dala, sannan ko suna saka kiɗa daren Juma'a da Asabar, domin wasu wuraren da ke shiru ranar Laraba sukan zama gidan rawa a ƙarshen mako. A biya kuɗin kwana ɗaya kawai a matsayin kafin alƙalami, sauran sai an gani da ido. Buta kuwa a sako ta a jaka tun daga gida.

Abu biyu game da sallah. Alƙibla daga wannan gaɓa gabas ce mai karkata arewa, kusan daidai da yadda bakin tekun ya miƙe, don haka idan teku na hannun damanka ka kusa daidai, sai manhajar waya ta ƙarasa gyarawa. Na biyu, wanda ya yi niyyar kwana shida a wuri ɗaya ya wuce kwana huɗun da mazhabar Malikiyya ta yanke, saboda haka zai cika sallarsa, ƙasaru sai a hanya.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci a wasiƙar nan, wato tekun kansa. Wanda ya iya iyo a Tiga ko a kogin Kwara kada ya ɗauka ya san wannan ruwa. Tekun Atlantika a wannan yanki yana da igiyar da ke jan mutum ciki. Yadda abin yake shi ne, raƙuman ruwa suna turo ruwa bakin gaɓa ba ƙaƙƙautawa, ruwan kuma dole ya koma, sai ya samu wata 'yar rariya a cikin yashin ƙasa ya bi ta da gudu. A ido, wannan wurin shi ne ya fi kama da lafiya: raƙuman ba sa fashewa a nan, ruwan ya fi duhu, ya kwanta lumui tsakanin farin kumfa na dama da na hagu. Baƙo kuwa nan yake zaɓa ya shiga da yaransa. Idan aka lura da kyau za a ga kumfa ko ganye ko leda suna tafiya ciki maimakon su dawo. Wanda igiyar ta ɗauka kada ya yi kokawa da ita yana neman komawa gaɓa kai tsaye, ta fi ƙarfin gwanin iyo, gajiya ce ke kashe mutum. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, ya yi iyo a gicciye, wato ta gefen da gaɓa ta miƙe, har ya fita daga rariyar, tunda ba ta cika faɗi ba. Na kan tudu kuma kada ya faɗa ceto hannu sake, ya jefa jarka ko wani abu mai tasowa, ya kira masunta.

Yawancin wuraren nan ba su da mai tsaron masu wanka. Saboda haka a tambayi ma'aikatan masauki ko masunta inda ake shiga da inda ba a shiga, kuma wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa. Ko a nan ɗin, idan raƙumi ya koma yakan zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, sai ka ga babban mutum ya zauna daɓas. Kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Yaro kuma a riƙe hannunsa, kallo daga inuwa bai isa ba. Ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata: doguwar abaya ko babban hijabi idan ya sha ruwa nauyi yake yi, ya naɗe ƙafafu, ya ja mutum. Wadda ke son taɓa ruwa ta sa dogon wando da riga mai kauri zuwa gwiwa da ɗan ƙaramin hijabin da ba ya yawo. Mai son sutura da rashin idon jama'a ya fita bayan asuba zuwa ƙarfe tara a ranakun aiki, lokacin wurin kusan nasa ne shi kaɗai. A wajen Ampenyi akwai inda duwatsu suka tare ruwa suka yi kamar tafki, irin wannan ne ya dace da yara idan teku ya janye. Cikowa da janyewar sau biyu ne a yini, kuma kullum yana jinkirta da kusan minti 50, don haka lokacin jiya ba shi ne na yau ba.

Litinin a shiga Cape Coast, wadda masu garin ke kira Oguaa, a ga babban sansanin Turawa da ake ce wa kasul. Mutanen Suwidin ne suka fara gina shi a 1653, Ingila ta ƙwace a 1664, kuma daga nan aka mulki ƙasar har 1877 da aka mayar da hedikwata Accra. Hukumar gidajen tarihi ta Ghana ke kula da shi, kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kuma a rukuni ake zagayawa da ɗan jagora, kusan awa guda. A je da wuri, wajen ƙarfe tara, kafin rana ta buɗe da kuma kafin motocin 'yan makaranta su iso. Za a gangara da kai kurkukun maza, ɗakunan dutse a ƙarƙashin ƙasa, haske daga wata 'yar kafa can sama, da siririn kwalbati a tsakiyar daɓe wanda shi ne makewayin ɗaruruwan mutane. Daidai saman wannan kurkukun Turawan suka yi ɗakin ibadarsu. Daga nan sai ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgi, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa, kuma yau idan aka buɗe ta masunta za ka gani suna gyaran koma. Akwai ɗakin da jagora kan rufe ƙofa na ɗan lokaci don a ji yadda duhun yake. Mai asma, da mai hawan jini, da yaron da bai kai shekara bakwai ba, su tsaya waje. A bakin ƙofar shiga kuma samari za su tambayi sunanka da fara'a, kana fitowa ka tarar an rubuta shi a jikin ƙwaryar dodon koɗi ana jiran kuɗi. Ba faɗa ba ne, in ba ka so kada ka faɗi sunan.

Bahaushe bai kamata ya zagaya wurin nan kamar labarin wasu yake ji ba. Kakanninmu fatake sun yi ƙarnoni suna zuwa Gwanja sayen goro, kuma a kasuwar Salaga da suke sauke kaya, bayi ma ana sayarwa. Da yawa daga waɗanda aka tsare a waɗannan ɗakuna daga arewa aka koro su a ƙafa. A Assin Manso, kimanin kilomita 40 a kan hanyar Kumasi, akwai rafin da ake musu wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa. Daga baya kuma, a yaƙin Ingila da Asante na 1873 zuwa 1874, Kyaftin Glover ya zo da sojojin Hausa daga Legas, kuma irin waɗannan sojoji da fataken goro na cikin waɗanda suka kafa zangonnin da ake gani yau a garuruwan kudu. Yaran da suka kai sakandare ya kamata a gaya musu wannan tun a mota. Bayan an fito kada a ƙara wani yawo, jiki ba ya so. A ci abinci a wajen kasuwar Kotokuraba, inda zangon garin da masallaci suke, a koma masauki.

Talata masuntan wannan gaɓa ba sa fita teku, al'ada ce tsohuwa, ranar ɗinkin koma ce da gyaran jirgi. Wanda ya ware ta don kasuwar kifi ya yi asarar sammako. Ita ce ranar zuwa dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast, inda aka ɗaura gadoji bakwai na igiya da katako tsakanin manyan itatuwa, tsawonsu gaba ɗaya wajen mita 350, tsayinsu daga ƙasa ya kai mita 30 zuwa sama. A isa da ƙarfe takwas, a sa takalmi sau-ciki, ba silifas ba, domin kafin gadar akwai hawan tudu mai santsi. Faɗin katakon bai wuce a jera ƙafa biyu ba, raga ta tare dama da hagu, kuma yana lilo idan na gabanka ya yi sauri. Kada a sa rai da ganin giwa. Akwai su a dajin, amma hayaniyar mutane ta sa ba sa kusanto wurin. Wanda jiri ke ɗiba ya zauna a ƙasa ya sha ruwan kwakwa, ba abin kunya ba ne.

Laraba ta Elmina ce, kilomita 12 ko 13 daga Cape Coast, kuma a ganinmu ita ce ranar da ta fi daɗi. A tsaya a kan gadar da ta haye bakin tafkin Benya da hantsi, a ga jiragen katako masu fenti kala-kala da tutoci suna shigowa a jere, mata da manyan tasoshi a ka suna jira, yara na iyo tsakanin jirage. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, matan kasuwar ba sa wasa da wannan. Sansanin Elmina mutanen Fotugal suka gina shi a 1482, shi ne ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye a kudu da Sahara. Holan ta karɓe shi a 1637 bayan ta ɗora igwa a kan tudun da ke fuskantarsa, inda ƙaramin sansanin St. Jago yake yanzu, sannan ta miƙa wa Ingila a 1872. A nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a kai shi gudun hijira. Abin da ke tsaya wa mutum a rai shi ne farfajiyar mata, da barandar gwamna a samanta inda yake tsayawa ya zaɓa, da matakalar katako mai hawa ɗakinsa. Mai sauran ƙarfi ya hau tudun St. Jago, minti goma ne, daga can ana ganin garin duka har da filayen gishiri.

A sayi kifi kafin a bar garin. Sabon kifi idonsa garau yake, cikin kunnensa ja, in ka danna jikinsa da yatsa naman ya dawo. Wanda idonsa ya yi hazo, ko yatsa ya bar rami, a bar shi komai arharsa. Kilo ɗaya na ɗanyen kifi da kai da ƙaya yana isar manya biyu zuwa uku. A ba da 'yan kuɗi a kankare a fasa shi a nan kasuwa, a sa a leda da ƙanƙara, a kai wa masu girkin masauki su gasa, amma a yi cinikin ladan gashin tun kafin a fita da safe, wasu wuraren ba sa yarda a shigo da na waje.

Abincin Ghana rabinsa ɗan gida ne. Waakye dai wake da shinkafa ne, ana dafa shi da karan dafi har ya yi ja, a zuba taliya (haka su ma suke kiranta), garin rogo, dafaffen ƙwai, ganda da miya, kuma na safe ne, zuwa azahar masu kyau sun ƙare. Kokonsu na gero ne mai citta da kanumfari da barkono, sunansa ma Hausa koko. Tsire ya zama chichinga, zoɓo ya zama sobolo, tuwon zafi kuma bai canza suna ba sai ɗan lanƙwasa. Baƙon abu shi ne dokunu, wanda ake kira kenke: ƙullun masara da aka bari ya yi tsami kwana biyu zuwa uku, a naɗe a ganye a dafa. Na Fante, wato na wannan yanki, a ganyen agada ake naɗe shi kuma ya fi daɗewa bai lalace ba, na mutanen Accra kuwa a ɓawon masara, da gishiri. Ana cinsa da soyayyen kifi da ɗanyen barkono da tumatir da albasa da aka niƙa, da shito, wato baƙin yaji na mai da busasshen kifi da jatan lande. Banku ɗan'uwansa ne mai laushi, da gasasshiyar karfasa ko miyar kuɓewa. Akwai kuma Fante Fante, miyar sabon kifi da manja, da kelewele, soyayyar nunanniyar agada mai citta da ake sayarwa da dare. Cikin da bai saba da tsamin ƙullu da manja da shito a lokaci guda ba yakan yi bore, don haka a fara da rabin dunƙule da ɗan shito a gefen cokali, a ƙara gobe.

Inda ake buƙatar buɗe baki shi ne miya. A gidajen abincin gargajiya tukunya ɗaya kan haɗa nama iri-iri, kuma ƙafar alade mai gishiri na shiga miyar kwakwar manja ba tare da an rubuta a allo ba, haka naman daji. A tambaya kai tsaye me da me ke ciki, ba wanda zai ji haushi, sun saba da Musulmi. Mafi sauƙi dai, a bakin teku a tsaya ga kifi, a tabbatar ba a wayar gashi ɗaya da alade aka ɗora shi ba, nama kuma a bari sai an shiga zango. Ruwan sha na gora ko na leda, ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba a bar ta. A riƙe gishirin zawo na ORS, da maganin shafawa na sauro, da man kare ƙunar rana, domin baƙar fata ma tana saɓulewa a kafaɗa da hanci bayan yini a yashi.

Alhamis ba a zuwa ko'ina. Wannan ita ce ranar da masu tsara tafiya ke fara sokewa idan wani ya kawo maganar Busua ko Axim, kuma kuskure ne. Wuraren suna da kyau, Busua ma ruwanta ya fi na nan sauƙin shiga, amma tana bayan Takoradi, zuwa da dawowa ya haura awa biyar a mota. A bar ta sai wata shekarar, a yi mata nata kwanakin. Juma'a a yi sallah a zangon Cape Coast, wanda ke da sha'awa ya je Assin Manso da safe ya dawo kafin huɗuba.

Game da kuɗi, farashi na canzawa da darajar sidi, don haka lissafin da ya fi amfani shi ne na kaso. Bayan tikiti, masauki ne ke cin mafi yawa, sai mota, sai abinci da kuɗin shiga wurare. Duk abin da lissafi ya bayar, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar a ajiye daban da dala, a jakar da ba ita ake fita da ita ba. Tasi a can iri biyu ce, ta haɗaka mai bin layi da kuɗi ƙayyadadde, da ta shata. Baƙon da ya shiga motar da ba kowa bai ce komai ba, direba zai ɗauka shata ce.

A koma Accra ranar Asabar, a kwana, a tashi Lahadi. Kada a kuskura a baro Cape Coast a ranar da jirgi zai tashi, tirela ɗaya ta lalace a Kasoa ta isa ta sa a sayi sabon tikiti. Mai son tsarabar shito ya sayi na kwalba mai murfi a rufe, ya naɗe a leda biyu ya cusa tsakiyar kaya a babbar jaka, domin ba za a bari ya wuce da shi a jakar hannu ba, kuma man da ke cikinsa idan ya zuba a farar shadda ba ya fita.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Daga wasu masu karanta jaridarka,
Kano.